Yadda Muka Buɗe Kamfanin 'Yan BB a Ikilisiyarmu ta Sakkwato, da Inda Na Riga Malam Masallaci

Tun ranar da aka ƙaddamar da yaranmu, mutum huɗu ke nan daga ikilisiyoyi daban-daban suka tare ni da tambaya iri ɗaya, wai ta ina ake farawa in ana son buɗe kamfanin Boys' Brigade (BB), wato reshen ƙungiyar nan ta coci mai horar da yara maza. Na gaji da maimaita labari a bakin ƙofar coci cikin rana, shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga tushe, har da wautar da na tafka, don kada wani ya ɓata wata uku kamar yadda na ɓata.

A Zuru na tashi, can na yi BB har na kai saje kafin in gama sakandare. Aikin koyarwa ne ya kawo ni Sakkwato, na kuma samu wata ƙaramar ikilisiya a gefen Mabera inda ake sujada da Hausa. Abin da ya dame ni shi ne yaran da suka wuce makarantar Lahadi amma ba su isa shiga zumuntar matasa ba, 'yan shekara 11 zuwa 15. Ana tashi daga sujada sai ka gan su jingine da babura suna latsa wayar iyayensu. A watan Janairun 2023, ana tsakiyar hunturu, na ce ai ni na san aikin nan, me nake jira. Ni da abokaina biyu muka haɗa kuɗi, muka sayi tsofaffin ganguna uku da begila ɗaya wajen wata makaranta da ta daina amfani da su a kan naira dubu 85, na kuma shiga babbar kasuwa na yanko shuɗin yadi na yara goma. Na tara yara 14 muka fara fareti ranar Asabar da yamma a harabar coci. Fasto ya sani, amma sanin baki ne kawai, na gaya masa a tsaye ya ce "to, madalla," ni kuwa na ɗauka izini ke nan.

Asabar ta uku muna cikin lef-rai, ƙura ta turnuƙe, sai ga wani dattijon ikilisiya, tsohon ɗan sanda mai ritaya, ya jingine kekensa a gindin dogon yaro ya tsaya yana kallo. Sai da muka sallami yara ya kira ni gefe ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Wa ya ba ka yaran nan?" Na ce, "Baba, ai yaranmu ne." Ya ce, "Na san namu ne. In ɗaya ya faɗi ya karye yanzu, sunan wa za a kira?" Ban sami amsa ba. Ya ce in kulle ganguna a sito, in rubuto takarda. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, har na ce wa matata tsofaffin nan ba sa son ci gaba. Ashe shi kaɗai ne a cikinmu ya fahimci yadda abin yake. Kamfanin BB ba na wanda ya kafa shi ba ne, na ikilisiya ne. Ita ce ke neman a buɗe, ita ke zaɓen hafsoshi, kuma limaminta ne limamin kamfanin. Tun asali haka ƙungiyar take, domin William Alexander Smith da ya kafa ta a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan ranar 4 ga Oktoba 1883 malamin makarantar Lahadi ne, kuma a ƙarƙashin cocinsu ya tara yaransa na farko.

Matakin farko na gaskiya ke nan, majalisar dattawa. Na rubuta takarda ta hannun fasto, amma majalisar sau ɗaya take zama a wata, kuma zaman Fabrairu ya wuce ni da kwana biyu. Na Maris kuwa aka ɗage shi saboda zaɓen gwamna, sai a ƙarshen watan aka kira ni. Na zauna a benci a waje kusan awa biyu ina jiyo su suna lissafin baiko da maganar gyaran rufi. Da na shiga, tambayoyi uku ne suka fi cin lokaci: wa zai riƙa biyan kuɗi, su wane ne manya da za su tsaya a kan yaran, sannan yaya maƙwabta za su ɗauki abin. Wani dattijo ya ce shi bai yarda a mai da 'ya'yan mutane sojoji ba. Na yi masa bayani cewa fareti hanya ce kawai ta koyar da biyayya da tsari, cewa babban aikin shi ne ajin Littafi Mai Tsarki, kuma ƙungiyar ta shigo Najeriya tun 1908 a Legas, ba sabon abu ba ne. Abin da ya fi gamsar da su ba tarihin ba ne, alkawarin da na yi ne cewa kowane kwabo zai bi ta hannun ma'ajin ikilisiya. Suka amince, suka sa a rubuce cikin littafin taro, suka zaɓi mutum huɗu: ni a matsayin kyaftin, laftana biyu, da wata uwa daga zumuntar mata da za ta kula da ƙananan. Ku nemi kwafen wannan shafi na littafin taro tun a ranar. Ni ban nema ba, sai da na sake bin sakatare mako guda.

Daga nan sai bataliya, wato majalisar da ta haɗa kamfanonin da ke yanki ɗaya. Ni na zaci akwai wani ofis mai allo a ƙofa da zan je in yi layi. Na kashe kuɗin kabu-kabu ina zagaye tsakanin manyan coci-coci na cikin gari ina tambaya, a daidai lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuyar samu saboda canjin takardun naira, ga ɗan kabu-kabu ba ya karɓar tiransifa. A ƙarshe wani mai gadi ne ya ce mini in daina wahala, in nemi kyaftin na kowane kamfani da ke aiki, shi zai haɗa ni da sakataren bataliya. Haka kuwa aka yi. Sakataren ma'aikaci ne kamar ni, aikin BB na sa kai yake yi, don haka sai bayan ƙarfe huɗu ake ganinsa, a wani ɗan ɗaki a bayan cocinsu. Ya karɓe ni hannu biyu, ya duba takarduna, ya maido mini da su. Takardar neman buɗewa ni na sa mata hannu, alhali fasto da sakataren ikilisiya ne ya kamata su sa, a kan takarda mai kan ikilisiya da hatimi. Abin da ya ce in dawo da shi shi ne wannan takarda, kwafen amincewar dattawa, sunayen hafsoshin da aka zaɓa da hotunansu, da jerin yaran da shekarunsu. Na koma na uku kafin komai ya cika. Kuɗin rajista na tura ta banki, na ajiye rasit. Kada ku dogara da adadin da wani ya biya bara, ku tambayi sakatare kai tsaye, kuma ku tambayi kuɗin shekara-shekara na kowane yaro da kowane hafsa tun da wuri, don dattawa su sa shi cikin kasafinsu.

Bayan mako biyu hafsoshi biyu suka zo duba mu ba tare da sun faɗi ranar ba. Ba gangunan da nake taƙama da su suka tambaya ba. Sun tambayi inda yara ke shan ruwa, inda makewayi yake, ko akwai akwatin taimakon gaggawa, da littafin kiran suna. Akwatin babu, littafin kuwa wata takarda ce a aljihuna. Ɗayansu ya yi murmushi ya ce, "Kyaftin, badujala ita ce ta ƙarshe a aikin nan."

Horon hafsoshi ya faɗo cikin hutun Ista, kwana uku a wata makaranta, kowa da tabarmarsa da kwanonsa. Ikilisiya ta biya mana mu huɗu. Na tafi da girman kai na tsohon saje, sai ga shi wani yaro da na girme shi da shekara goma sha wani abu yana gyara mini tsayuwa a gaban kowa. Na haɗiye. Fareti ma kaɗan ne daga cikin abin da aka koya. An fi daɗewa a kan manufar ƙungiya, wadda ita ce yaɗa mulkin Almasihu a tsakanin samari da cusa musu biyayya, girmamawa, horo da mutunta kai. Da yadda ake tsara taron mako. Da rabon yara rukuni huɗu bisa shekaru, daga ƙanana masu suna 'yan anka har manyan da ke dab da gama sakandare. Da yadda yaro ke hawa daga igiya ɗaya zuwa kofur zuwa saje. Doka ɗaya da aka nanata mana har ta zauna ita ce kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, ko a ɗaki ko a kan babur, kuma ba duka. Wannan ta biyun ta yi wa wasunmu nauyi, don mu da bulala aka raine mu a filin fareti. A wajen ne kuma na ji dangantakar BB da 'yan sikawut, wadda mutane ke yawan rikitawa. BB ce ta riga, kuma Smith na cikin waɗanda suka ƙarfafa wa Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, gwiwa ya rubuta wa yara littafinsa na 1908. Bambancin da ya shafe mu shi ne sikawut na kowa ne, makarantu ma suna da su, BB kuwa ba ta tsayuwa sai a jikin ikilisiya. 'Yan Baftis suna da tasu daban mai suna Royal Ambassadors, don haka in cocinku na wannan ɗarika ne, ba ƙofar bataliya za ku ƙwanƙwasa ba.

Abin da ya fi ba ni wahala bayan dawowa shi ne fom ɗin iyaye. Kowane yaro ana son sa hannun uba ko uwa, hoton fasfo biyu, lambar wayar da za a kira, da shaidar shekaru. A cikin yara 22 da muke da su a lokacin, tara ba su da takardar haihuwa. Wasu a ƙauye aka haife su, wasu takardar ta ɓata a ƙaura. Mun tura iyaye wajen ma'aikatan hukumar ƙidaya, waɗanda takardar ke hannunsu, wasu kuma muka karɓi katin asibiti ko shaidar makarantar firamare kafin nan. Hoto kuwa, maimakon kowa ya tafi shi kaɗai, mai hoto ɗaya muka kira ranar Lahadi ya rataya farin zane a bangon coci ya ɗauke su gaba ɗaya, ya yi mana ragi. Akwai layi a fom ɗin da ke tambayar ciwon da yaro ke fama da shi, kuma nan ne iyaye ke ɓoyewa. Wata uwa ta bar wurin fayau, sai da uwar da ke cikin hafsoshinmu ta bi ta gida suka zauna, sannan ta faɗi cewa ɗanta mai sikila ne, tana tsoron a ce ba za a ɗauke shi ba. Mun ɗauke shi. Shi ne mai riƙe littafin kiran suna yanzu, ba ya tsayuwar rana, kuma gorar ruwansa ba ta rabuwa da shi. Da namiji ne ya je tambayar, na tabbata ba za ta faɗa ba.

Sai rana. Duk wanda ya zauna Sakkwato a Afrilu da Mayu ya san zafi na haura digiri 40 ba wasa. Tsarin da na taso da shi na fara fareti ƙarfe huɗu bai yi ba sam. Yaro ɗaya ya yanke jiki ya faɗi a mako na biyu, Allah ya sa mun riga mun sayi akwatin nan da ruwan gishiri da sukari. Muka juya tsarin: ƙarfe huɗu da rabi a shiga ciki a yi addu'a da ajin Littafi Mai Tsarki, sai biyar da rabi a fito fili na rabin awa. A ajin ne na gane wata matsalar. Alamar BB anka ce ta jirgin ruwa, taken kuma daga Ibraniyawa 6:19 aka ɗauko shi, inda aka kwatanta bege da anka tabbatacciya, kafaffiya. To yaran da iyakar jirgin da suka taɓa gani shi ne kwalekwalen masunta a gadar Kwalkwalawa, ina suka san anka? Na yi ta zane a allo a banza. Wani ɗan shekara tara ne ya cece ni, ya ɗaga hannu ya ce, "Kyaftin, kamar turken akuya ke nan?" Tun daga ranar da turke nake bayani.

Maganar kaya kuwa, nan kuɗina ya tafi. Yadin da na saya a Janairu ba shuɗin da ake so ba ne, ya yi haske, sai dai matata ta ɗinke shi labule. Sakataren bataliya ya ba ni ƙyallen samfur da tsohuwar riga, na kai wa wani tela a bakin kasuwa, Basakkwace mai barkwanci. Ya juya rigar ya ce, "Malam, yaran ga sojoji na ko 'yan sanda?" Na ce 'yan coci ne. Ya ce, "To wanga aiki ba na kwana ukku ba na, aljihu huɗu da kafaɗa." Mun yi ciniki a tsakiyar Mayu, ban ba da kuɗin yadi duka ba don iyaye ba su gama kawowa ba. Sai ga cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kafin mako biyu komai ya tashi. Abin da muka lissafa wa kowane yaro dubu 9, yadi da ɗinki, ya koma kusan dubu 13, ban da hula, ɗamara mai ƙarfen anka da farar jakar ratayawa, waɗanda ba a ɗinka su wajen tela, ta hannun bataliya ake yin odarsu. Iyaye shida suka ce ba za su iya ba, kuma gaskiyarsu ce. Zumuntar mata ce ta ɗauki huɗu, dattijon nan mai keke ya ɗauki biyu, ya ce kada a faɗi sunansa a sanarwa.

Shi ne kuma ya ja ni zuwa wajen mai unguwa, abin da ban taɓa tunani ba. Tun tashin hankalin watan Mayun 2022, lokacin da aka sa dokar hana fita a cikin gari, iyaye da yawa ba sa son duk abin da zai jawo ido kan yaransu, ga kuma mu da ganguna da kaki a tsakiyar unguwar da yawancinta Musulmi ne. Muka je da yamma, muka tuɓe takalma, Baba ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaranka ne za su riƙa ɗan kaɗe-kaɗe ranar Asabar, muka ce kada ka ji daga sama." Mai unguwa ya ji daɗin zuwan, ya ce abu ɗaya yake roƙo, a yi shiru lokacin kiran salla. Mun riƙe wannan har yau: ba ma taɓa ganga sai an sallame la'asar, kuma kafin magariba mun kulle su. Mun kuma kai takardar sanarwa ofishin 'yan sanda na yankinmu, kwafe biyu, aka buga hatimi a ɗaya muka dawo da ita. Ba a nemi ko sisi ba, jira ne dai na kusan awa ɗaya. Zagayen titi da badujala irin wanda muke yi a Zuru, mun yanke shawara ba za mu yi ba. Wasu matasanmu sun ga tsoro ne. Ni ina ganin sanin wurin zama ne.

A watan Agusta muka kai yara 12 sansanin bataliya na kwana huɗu, shi ma a makaranta. Sansani yana da fom ɗinsa daban, na rajista ba ya wadatarwa, kuma wannan ma sai da ya rage kwana uku na sani. Damina ce, saboda haka gidan sauro ya fi komai muhimmanci, sai tocila, bokiti da silifas. Ana tashi da asuba a yi motsa jiki da sujada, a duba tsabtar ɗaki, da rana a yi ɗaurin igiya, taimakon gaggawa, gasar haddar ayoyi da ƙwallo, da dare a yi waƙoƙi. Yaranmu sun zo na ƙarshe a fareti, sun zo na biyu a hadda. Daren farko biyu suka yi kukan gida, ranar tafiya su ne suka ƙi shiga mota.

Ƙaddamarwa muka sa ta ranar Lahadin da ta biyo bayan 4 ga Oktoba, shekarar da ƙungiyar ta cika 140 da kafuwa. Ana sanar da bataliya da wuri don su turo wakilai, kuma a ba fasto tsarin hidimar tun mako biyu kafin ranar. Yara suka shigo a jere, fasto ya yi wa hafsoshi tambayoyin alkawari muka amsa, sannan yaran suka yi nasu, aka karanta lamba da sunan kamfaninmu, aka yi addu'a. Hulunan yara uku ba su iso ba, sai aro muka yi daga wani kamfani, ɗaya ta yi wa mai ita yawa har tana rufe masa ido, bai kuma yarda ya ɗaga hannu ya gyara ba tunda an ce a ƙame. Uwarsa tana dariya tana share hawaye da bakin gyale.

In zan sake, ba zan kashe ko naira ɗaya ba kafin dattawa su amince a rubuce, kuma kyaftin na kamfanin da ke kusa zan fara nema kafin in hau kabu-kabu. Zan tura hafsoshi horo kafin in tara yaro ko ɗaya, in tabbatar akwai mace a cikinsu, in karɓi samfurin yadi daga bataliya in saye shi gaba ɗaya rana ɗaya. Daga takardar farko zuwa ƙaddamarwa wata takwas muka yi, kuma da na bi ta ƙofa da biyar sun isa. Yanzu 'yan mata ne suka tasa ni gaba, suna cewa su fa? Tasu ƙungiyar daban ce, Girls' Brigade, wadda ta samo asali a Dabilin ta ƙasar Ailan a 1893, da nata shugabanni da nata rajista, ba a ƙarƙashin BB take ba. Shugabar zumuntar mata ta riga ta rubuta takardarsu, fasto da sakatare sun sa hannu, tana jiran zaman dattawa na wata mai zuwa. Ta ce in ara musu ganga ɗaya, na ce sai an amince.